“Ai Tana Aiki” Ba Hujja Ba Ce

Yawancin kwamfutocin da ke duniya a yau ba su da allon kallo, ba su da madannai, kuma masu amfani da su ba su ma san suna tare da su ba. Suna cikin mitar wutar da ke jikin bangon gida, da inbatar da ke karɓar wuta daga farantin sola, da injin mota, da na'urar POS ta mai shago, da injin da ke lura da bugun zuciyar majiyyaci a asibiti. Kowace ɗaya 'yar ƙwaya ce da sau tari ba ta wuce girman farce ba, an dasa ta a kan allon wayoyi, an zuba mata jerin umarnin da za ta yi ta bi dare da rana har ranar da za ta daina aiki. Ita ce zan riƙa kira ƙwaƙwalwar na'ura, umarnin da aka zuba mata kuma manhajar ciki. Abin da ya bambanta ta da kwamfutar ofis shi ne hannunta a kan abubuwa na zahiri yake. Ita ke buɗe wa injin mai, ita ke kama birki, ita ke sakin wuta ko ta yanke ta. Idan manhajar wayar hannu ta rikice, mutum ya yi tsaki ya kashe ya kunna. Idan ta cikin birki ce ta rikice, wani lokaci sai dai a ji labarin a wajen jana'iza.

Tuhumar da nake yi wa wannan sana'a, wadda ita na karanta a jami'a, guda ce. An ɗauki mugun ma'auni an mai da shi na kammala aiki: a kunna na'ura a kan teburin gwaji, a ɗaki mai sanyi, da wuta tsayayya, a ga fitila ta kama, sai a ce “ai tana aiki”, a tura kasuwa. Ni kuwa ina cewa na'urar da maƙerinta bai amsa tambayar abin da za ta yi ranar da ta yi kuskure ba, ba a gama ƙera ta ba, kuma sayar da ita a haka sakaci ne, ko da an yi masa ado da sunan gaggawa ko tsimin kuɗi. Ba na neman mai karatu ya yarda da ni don na faɗa. Tarihin sana'ar ya isa shaida, domin kwamitocin bincike da kotuna sun riga sun rubuta shi.

Ranar da aka cire sakata

Tsakanin watan Yunin 1985 da Janairun 1987, wani injin gashin cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar kamfanin AECL na ƙasar Kanada, ya zabga wa majiyyata shida a Amurka da Kanada haske mai ƙuna wanda ya ninka abin da likita ya rubuta ninkin ba ninki, har wasu daga cikinsu suka rasu. Injin yana aiki ne ta hanya biyu. Ko dai ya saki haske mai sauƙi kai tsaye a kan fata, ko kuma ya saki mai ƙarfin gaske, wanda dole sai an gitta masa wani faranti na ƙarfe kafin ya isa jikin mutum. Injin da ya gabace shi, Therac-20, yana da sakata ta wayoyi da fiyus wadda ba ta barin haske mai ƙarfi ya fita matuƙar farantin ba ya wurinsa, ko me manhaja ta ce. Da aka zo ƙera sabon, sai aka cire sakatar aka damƙa wa manhaja amanar tsaro gaba ɗaya.

A wani asibiti da ke garin Tyler na jihar Texas, a 1986, ma'aikaciyar da ke sarrafa injin ta ƙware har hannunta ya yi sauri. Ta shigar da umarni, ta ga ta yi kuskuren harafi ɗaya, ta gyara cikin daƙiƙa takwas. A daidai waɗannan daƙiƙoƙi injin yana can yana saita kansa, don haka wani sashe na manhajar ya ga gyaran, wani sashen bai gani ba. Haske mai ƙarfi ya fita babu faranti. Allon injin ya nuna saƙon tangarɗa mai lamba 54, wanda littafin aiki bai fayyace ma'anarsa ba, ya kuma nuna wai hasken da ya shiga jikin majiyyacin bai kai yadda ake so ba. Da aka riƙa kai ƙorafi, amsar kamfanin da farko ita ce injin ba zai iya yin haka ba. Bincike ya gano daga baya cewa irin wannan aibin yana nan cikin manhajar Therac-20, sai dai a can abin da yake jawowa bai wuce ƙonewar fiyus ba. Nancy Leveson da Clark Turner, waɗanda suka wallafa cikakken nazarin lamarin a 1993, sun nuna cewa mutum ɗaya ne ya rubuta manhajar, ba a kuma ba wani na waje ya tantance ta ba. Aibi ɗaya ne ke nan a injina biyu. A ɗaya an yi asarar fiyus, a ɗaya an yi asarar rayuka, kuma abin da ya raba su 'yar sakata ce da wani ya ga ba ta da sauran amfani tunda manhaja “tana aiki”.

Shekara goma bayan haka, ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi karon farko daga Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya. Ba ta wuce daƙiƙa arba'in a sama ba ta kauce hanya ta tarwatse. Kwamitin bincike ƙarƙashin Farfesa Jacques-Louis Lions ya gano cewa an ɗauko manhajar na'urar da ke gaya wa roka inda ta dosa daga tsohuwar Ariane 4, wadda ta shafe shekaru tana tashi lafiya. Amma sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a kwance, sai wata lamba ta girma aka nemi cusa ta a ma'ajiyar da ba ta ɗaukar abin da ya haura 32,767. Tamkar a juye tulu ne a cikin moɗa. Na'urar ta tsaya cak. Akwai ta biyu da aka tanada domin irin wannan rana, sai dai manhaja iri ɗaya ce a cikinta, don haka ta riga 'yar'uwarta faɗuwa da ƙiftawar ido. Abin takaici ma, aikin da ya jawo haɗarin ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa. An bar shi ne kawai domin haka aka gada. Darasin a fili yake: shaidar da manhaja ta samu a wani jiki ba ta bin ta zuwa sabon jiki, kuma masu gadi biyu da suka sha magani ɗaya tare za su yi barci.

Wani zai ce ai waɗannan tsofaffin labarai ne, an wuce wurin. To, ranar 29 ga Oktoban 2018 jirgin Lion Air ƙirar Boeing 737 MAX ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jakarta, mutum 189 suka mutu. Ranar 10 ga Maris ɗin 2019 irinsa na kamfanin jiragen Habasha ya faɗi minti shida bayan barin Adis Ababa, mutum 157 suka mutu, cikinsu har da marubucin nan ɗan Nijeriya, Farfesa Pius Adesanmi. A jiragen biyu akwai wata manhaja mai suna MCAS da aka ƙara domin ta riƙa danna hancin jirgi ƙasa idan ta ga ya ɗaga da yawa. Jirgin yana da na'urori biyu masu auna ɗagawar hanci, amma manhajar da ɗaya kawai take sauraro a lokaci guda. Da wannan ɗayar ta ba da bayanin ƙarya, sai manhajar ta yi ta danna jirgin ƙasa, matuƙa na ja tana mayarwa. Matuƙan Lion Air ba su ma san da ita ba, domin ba a bayyana ta a littattafansu ba. Ɗalibin injiniya na aji uku ya san ba a jingina rai a kan ma'auni ɗaya. Manyan injiniyoyin Boeing ba su jahilci wannan ba. Gaggawar kasuwa da gudun kashe kuɗin sake horar da matuƙa ne suka fi ilminsu ƙarfi, mutum 346 suka biya kuɗin.

Abin da ke cikin tukunya

Waɗannan haɗurra sun yi ƙara ne domin sun faru a bainar jama'a. Yawancin manhajojin ciki kuwa babu wanda ya taɓa leƙa su in ban da marubutansu. Ɗaya daga cikin lokutan da aka buɗe murfin shi ne wata shari'a da aka yi a jihar Oklahoma ta Amurka a watan Oktoban 2013, a kan wata Toyota Camry ƙirar 2005 da aka ce ta ƙwace da gudu har fasinja ta rasu. Masanin da kotu ta ba damar karanta manhajar injin, Michael Barr, ya shaida cewa ya tarar da ma'ajiyoyin bayani wajen dubu goma waɗanda kowane sashe na manhajar ke iya sa hannu ya canza. Mai karatu ya ƙaddara rumbun da kowa a gari ke da makullinsa: ranar da hatsi ya yi ƙasa, wa za a tambaya? Ya ce ya ƙirga saɓa wa ƙa'idojin MISRA, waɗanda masana'antar motoci ta Birtaniya ta fara fitarwa a 1998 domin tsabtace rubutun manhaja, sama da sau dubu tamanin.

Mafi muni a shaidarsa shi ne batun mai gadi. A ƙwaƙwalwar na'ura akwai wani ɗan agogo mai zaman kansa wanda dole manhaja ta riƙa taɓawa a kai a kai, alamar tana raye. Idan ta yi shiru, sai ya kashe ta ya sake kunnawa. Barr ya ce an tsara na wannan mota ta yadda babban aiki zai iya mutuwa a cikin manhajar, mai gadin kuma ya ci gaba da samun saƙon cewa lafiya lau. Adalci ya sa a faɗi cewa Toyota ta musanta zargin, kuma binciken da injiniyoyin NASA suka yi a 2011 bai tabbatar da cewa lantarkin motar ne ke jawo ƙwacewar ba. Amma masu taya alƙali yanke hukunci sun gamsu da shaidar, suka ɗora wa kamfanin diyyar dala miliyan uku. Ko da mutum ya ajiye hukuncin a gefe, tambaya tana nan. Idan haka cikin tukunyar kamfanin da duniya ke yi wa kirari da inganci yake, yaya cikin ta inbatar da ba a ma san sunan masana'antar da ta ƙera ta ba?

Waɗanda suka shirya wa ranar kuskure

Ba don babu magani ake wannan ɓarna ba. Ranar 20 ga Yulin 1969, kumbon Apollo 11 yana gab da sauka a duniyar wata, kwamfutarsa ta fara kukan gargaɗi mai lamba 1202. Wata na'urar rada ce ke ta jibga mata aikin da ba a buƙata, har lokacinta ya kasa isar ta. Amma tawagar da ta rubuta manhajar a MIT, wadda Margaret Hamilton ke cikin jagororinta, ta riga ta yi tunanin irin wannan rana. An jera ayyuka bisa muhimmanci, an kuma tsara cewa idan kaya ya yi yawa kwamfutar ta sake tashi nan take, ta zubar da ƙananan ayyuka, ta riƙe na sarrafa sauka. Haka ta yi, aka sauka lafiya, da kwamfutar da ƙarfinta bai kai na mitar wutar gidajenmu ta yau ba.

A 1997 ma na'urar Pathfinder da aka saukar a duniyar Mars ta fara kashe kanta tana kunnawa. Wani ƙaramin aiki ne ke riƙe wata ƙofa ta bayani, babban aiki na jiran sa, ayyuka matsakaita kuma suna hana ƙaramin samun damar gamawa. Mai gadi ya lura da shirun, ya yi aikinsa. Injiniyoyin da ke ƙasa suna da tagwayen na'urar a ɗakin gwaji, kuma sun bar hanyar bin sawun abin da manhaja ke yi a buɗe. Suka maimaita matsalar har suka kama ta, suka aika gyara ta sararin samaniya. Manhajojin nan biyu duk sun gamu da matsala, kamar dai na Therac da Ariane. Abin da ya cece su shi ne marubutansu ba su yarda da kansu ba.

Kuma ilmin ba ɓoyayye ba ne. A 2006 Gerard Holzmann na cibiyar JPL ya taƙaita shi cikin ƙa'idoji goma da ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Daga cikinsu: kowane zagaye da manhaja za ta yi ya kasance da iyakar da aka sani, kada a riƙa rabon ma'ajiya bayan na'ura ta fara aiki, kada sashe ɗaya na umarni ya wuce abin da zai shiga shafin takarda guda, kuma a kunna dukkan gargaɗin manhajar da ke fassara umarni, a gyara su har kada ya rage ko ɗaya.

Uzurorin da ake kawowa

Uzuri na farko shi ne “mu ba NASA ba ne, ba mu da kuɗinsu”. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin ba wanda zai ce a kashe wa fitilar sola abin da ake kashe wa kumbo. Sai dai matakan da suka fi ceto su ne mafi arha. Agogon mai gadi yana zuwa a cikin kusan kowace ƙwaƙwalwar na'ura ta zamani, har da masu arhar gaske. Kunna shi kawai ake yi. Haka ma'aunin da ke tsayar da ita idan wuta ta yi ƙasa. Manhajar Git, wadda ke adana tarihin kowane canji da wanda ya yi shi, kyauta ce. Ba abokin aiki ya karanta abin da ka rubuta kafin a zuba a na'ura, lokaci kawai yake ci. Wanda ya tsallake waɗannan ba talauci ne ya hana shi ba. Kuma idan lissafin riba ake so, Boeing ya ga abin da tsimi ya jawo masa, domin jiragensa na MAX sun yi kusan wata ashirin a ƙasa ba su tashi ba.

Na biyu shi ne “tamu ƙaramar na'ura ce, ba ta kashe kowa, kuma in an samu matsala ma aika gyara ta intanet”. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta zagaya intanet tana gwada kalmomin sirri wajen sittin, waɗanda kamfanoni ke sakawa daga masana'anta, a kan kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet. Ta kame dubban ɗaruruwa, ta haɗa su rundunar kai hari. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara harin da aka kai wa kamfanin Dyn ya hana jama'a da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix, wani reshen manhajar kuma ya gurgunta intanet a Laberiya. Kowace kyamara a cikinsu “tana aiki”, tana ɗaukar hoto yadda aka saye ta ta yi. Da yawansu kuwa ba su da wata hanyar karɓar gyara, masana'antunsu ma sun daina waiwayarsu. Sai a watan Afrilun 2024 dokar Birtaniya da ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta bai-ɗaya ta fara aiki. Abin kunya ne ga sana'a a ce sai majalisa ta tilasta mata abin da mai gida ke yi wa ƙofarsa ba tare da an gaya masa ba.

Na uku shi ne “babu manhajar da ba ta da kuskure”. Gaskiya ne, kuma ita ce hujjata a kansu. Wanda ya san cewa manhajarsa za ta yi kuskure wata rana, shi ya fi cancanta ya bar sakata a wurinta, ya sa ma'auni biyu, ya tabbatar cewa idan ƙwaƙwalwa ta ruɗe na'urar za ta faɗa ne ta ɓangaren aminci: injin gashi ya ɗauke haske, cajar batir ta yanke caji. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan gemu nawa ne suka ƙone a gaban idonmu?

Na huɗu shi ne sirrin kamfani. Kamfani na da haƙƙin kare fasaharsa daga masu satar ƙira, ban musa ba. Amma a watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ya dasa umarni a cikin injinan motocinsa na dizal wanda ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai ya rage gurɓata iska, da an hau titi kuma ya saki har ninki arba'in na abin da doka ta yarda. Motoci wajen miliyan goma sha ɗaya abin ya shafa, kuma wani injiniyan kamfanin ya samu hukuncin ɗaurin wata arba'in, duk da cewa ba shi ne babba a wurin ba. Duhun da ke ɓoye sakaci shi ke ɓoye ha'inci. Manhajar da rai ko lafiyar jama'a ya dogara da ita dole wani amintacce na waje ya iya karanta ta, ko da a ɗakin da aka kulle ne.

Abin da ya shafe mu

Mu a Nijeriya da Nijar yawanci masu saye ne, kuma wannan ya ƙara mana haɗari, domin teburin gwajin da aka ce “tana aiki” a kansa bai san ƙasarmu ba. Ƙwayoyin lantarki aji-aji ne. Na kasuwa ana lamunce aikinsu daga digiri 0 zuwa 70 a ma'aunin Selsiyus, na masana'antu daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a rufe, wanda ƙurar hunturu ta toshe wa fanka. Injiniyoyi sun san ƙa'idar nan cewa duk ƙarin digiri goma na zafi yana rage rayuwar kafasita mai ruwa da kusan rabi. Saboda haka inbatar da za ta shekara goma a inda aka zana ta tana iya mutuwa a nan tun ba a gama biyan bashinta ba, mai ita kuma ya ɗauka ƙaddara ce. Haka batun ɗaukewar wuta. Idan wuta ta tafi a daidai lokacin da na'ura ke rubuta bayani a ma'ajiyarta, bayanin na iya lalacewa, in kuma sabuwar manhaja take karɓa, tana iya zama dutse. Maganin sananne ne: a ajiye kwafi biyu, kada a goge tsohon sai an tabbatar sabon ya zauna daidai. A ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba ana iya tsallake wannan a tsira. A wurinmu ranar kuskure kusan kullum ce.

Mun ma ɗanɗani irin ciwon Ariane a jikin bangonmu. A da, katunan mitocin wuta na biya-kafin-amfani masu bin tsarin STS suna ɗauke ne da ƙidayar mintuna tun daga 1 ga Janairun 1993, a ma'ajiyar da ta cika bayan minti 16,777,216, wato ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa kamfanonin rarraba wuta suka yi ta kiran jama'a su shigar da wasu lambobi na musamman masu alƙaluma ashirin-ashirin kafin ranar, in ba haka ba mita ta daina karɓar sabon kati. Wannan ya zo da sauƙi ne domin an rubuta iyakar a takarda, an san ranarta shekaru kafin ta zo, an kuma tanadi hanyar sauya ta. Na'urori nawa ne a gidajenmu da asibitocinmu ke ɗauke da irin wannan moɗa, babu takardar da ta faɗi ranar cikarta?

Sannan ga matasanmu da suka fara ƙira da kansu, masu haɗa na'urorin ban-ruwa, da cajar sola, da na bin sawun ababen hawa. Abin alfahari ne, kuma domin haka ne ya kamata a faɗa musu gaskiya tun yanzu. A sassan injiniya da yawa, aikin kammala digiri ana auna shi ne da ranar baje koli: ɗalibi ya haɗa allon Arduino, ya kwafo umarni daga intanet, fitila ta kama a gaban malamai, a tafa masa. Da wuya a ce ya zare wayar ma'auni a ga abin da na'urar za ta yi, ko a yanke mata wuta sau hamsin a jere, ko a bar ta a kunne mako biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka yaye a kan “ai tana aiki”, da ita zai buɗe kamfani.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran ya fara daga takarda, kafin a taɓa waya. Duk mai ƙira ya rubuta abin da na'urarsa za ta yi, a gefe guda kuma ya jera hanyoyin da kowane sashe zai iya lalacewa da abin da zai biyo baya. Duk inda amsar ta zama gobara ko rauni ko mutuwa, a sa kariya ta zahiri wadda ba ta jiran izinin manhaja. Mai zana allon wayoyi da mai rubuta manhaja su zauna wuri ɗaya tun daga farko, domin yawancin aibobi a tsakaninsu suke ɓuya, kowa na zaton ɗan'uwansa ya kula. Kada layin umarni ya shiga na'ura sai ido na biyu ya gan shi. Gwaji kuma ya zama na neman karya na'ura: a zafi, a ƙura, da wuta mai rawa, da hannu mai sauri irin na ma'aikaciyar Tyler. Duk manhajar da aka ɗauko daga wani aiki a ɗauke ta baƙuwa har sai ta sake cin jarrabawa.

Malamai su raba makin aikin ɗalibi, rabi ga abin da na'ura ke yi, rabi ga yadda take faɗuwa. Hukumar SON da ke kula da ingancin kaya ta riƙa neman shaidar gwajin zafi da na ɗaukewar wuta ga inbatoci da cajojin da ake shigowa da su. Majalisar COREN kuma ta dubi wannan giɓi: injiniyan gini yana sa hannu da hatimi a kan zanensa, in bene ya rushe an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, amma manhajar da ke sarrafa injin asibiti ko cajin batir a ɗakin da yara ke kwana babu sunan kowa a kanta. Asibitoci da ma'aikatun da ke sayen kaya da yawa su ma suna da ƙarfin da ba su amfani da shi. Kafin su sa hannu a kwangila, su tambayi mai kawo kaya shekara nawa zai ci gaba da gyara manhajar, wa ya tantance ta ban da shi, kuma me na'urar za ta yi idan ma'auninta ya yi ƙarya. Wanda ya amsa da “ai tana aiki”, a mayar masa da kayansa.